Tayoyin Jar Motar Oga Vandi

Da wuya sati ya wuce wani saurayi bai tsaya a bakin shagona ya ce in koya masa faci ba. Idan na tambaye shi tsawon lokacin da zai iya zama a hannuna, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai abin ba wuya. A cire taya, a liƙe, a hura iska." Wasunku daga Yelwa kuke tahowa bayan an tashi daga lacca, da takalmanku farare, kuna neman aikin da zai ba ku na sayen kati. Ba na jin haushi. Amma tunda kun zauna a kan bencina, ku gyara zama ku saurara.

Sunana Isyaku. Mahaifina daga ƙasar Zamfara ya zo Mubi fataucin fata, ya ga wuri ya zauna, a nan aka haife ni. Ni ban bi fata ba, roba na bi. Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Tumba, mutumin Michika, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba ya buɗe rumfarsa ran Lahadi ko da gwamna ne tayarsa ta sace. Rumfar tana bakin hanyar da ta fita zuwa Uba. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: liba biyu da maƙeri ya ƙera da sifirin ɗin tsohuwar mota, babbar guduma, famfon ƙafa, rabin duro cike da ruwa na neman huda, sai fistan na mota da muke zuba wa kananzir mu kunna, mu danne faci da shi har ya kama. Babu kwamfuresa. Tayar babbar mota da ƙafa muke cika ta, ni da shi muna karɓeɓeniya, har cinya ta riƙa rawa.

Na daɗe a rumfar kafin ya bar ni in taɓa gam. Aikina kawai in wanke taya in zura tafin hannu a cikinta ina shafawa, ina neman bakin ƙusa ko waya da ta ɓullo. Daga nan ya koma koya mini karatun gefen taya. Yakan ce duk abin da taya take, an rubuta a jikinta: faɗinta, kaurin gefenta, girman rim ɗin da za ta hau, nauyin da za ta ɗauka, gudun da za ta jure, har satin da shekarar da aka yi ta. Idan direba ya kawo taya, kafin in ɗauki liba sai na karanta wa Baba Tumba ita da ƙarfi, kamar mai biya allo. In na yi kuskure ya ce, "Sake."

Akwai wata tirelar shanu da ta tsaya mana wata ranar kasuwa, an loda ta za ta Kudu, tayar baya ta ciki ta sace. Irin rim ɗin nan ne mai zobe. Ku ba ku san shi ba, don yanzu ya yi ƙaranci. Idan zoben bai zauna daidai ba aka hura iska, yakan fizge ya tashi sama da ƙarfin da zai raba mutum da kansa. Direban yana ta masifa, shanu suna ta kuka cikin rana, dillalai suna cewa a yi sauri. Baba Tumba ya kwantar da tayar, zoben yana kallon ƙasa, ya ɗaure ta da sarƙa, ya kori kowa baya, ya riƙa ba ta iska kaɗan-kaɗan yana bugun rim ɗin da guduma yana sauraron ƙararsa. Da ya gama, direban ya ce ya ɓata masa lokaci. Baba Tumba ya ce, "Na sani. Sauka lafiya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da ya sallame ni na buɗe nawa wurin, a hankali na ƙara da sayar da tayoyi, na sayi kwamfuresa, na sayi injin cire taya. Sai shekarar nan ta zo da 'yan bindiga suka shigo, aka watse daga Mubi. Wasunku kuna yara ƙanana a lokacin. Muka bi ta duwatsu muka tsallaka iyaka, muka bar komai. Da muka dawo, ƙofar shago a ɓalle, injina babu, tayoyin da ba a kwashe ba an ƙone su, sai waya baƙa tuli a ƙasa. Na koma liba da famfon ƙafa kamar ranar da na fara. Abin da ya fi wannan wuya shi ne abin da ya biyo baya. Mutane ba su da hali, kowa arha yake nema, sai kasuwa ta cika da gwanjo. Ba duk gwanjo ne mugu ba. Amma akwai wanda zanensa ya cinye aka sake yanka masa sabo da ƙarfe mai zafi, aka shafe shi da baƙin mai yana ƙyalli. Irin wannan ya fi tafiya a kasuwa, ni kuwa na ƙi ajiye shi. Na yi damina guda ina kallon motoci suna wuce ƙofata. Direbobin bas na Gella ne suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya, bayan sun gaji da kwana a hanya, kuma da su na sake tsayawa da ƙafafuna.

To, aikin da nake so ku ji shi ne na motar Oga Vandi.

Wata safiya a farkon damina wata 'yar jar mota ta tsaya a nan inda babur ɗin can yake. Ban taɓa ganin irinta ido da ido ba. Kujera biyu ce kacal, rufinta na tanti ne ana ninke shi baya, kuma ta yi ƙasa sosai har rufin bai kai ƙirjina ba. 'Yan keke suka taru suna leƙe. Wani dattijo dogo mai furfura ya fito daga ciki da ƙyar, yana dafa ƙofa. Gefen motar na baya duk laka ce da ciyawa.

Ya ce, "Kai ne Malam Isyaku? 'Yan bas na Gella sun ce in zo wurinka. Motan nan ya so ya kashe ni jiya."

Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, mota a bakinsa namiji ce, mace ma haka. Na ba shi benci. Ya ce sunansa Vandi, shi ma ɗan Michika ne, ya yi rayuwarsa yana tuƙi a wani kamfani a Fatakwal. Da ubangidansa zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wannan motar ta shan iska, ya ce ladan amana ce. Yanzu ya yi ritaya, yana zaune a Yelwa, yana noman masara a wajen Gella, garin matarsa. Jiya yana dawowa daga gona aka yi yayyafi. A wata kwana, ba gudu yake ba, bayan motar ya zame ya wuce gabanta, ta juya ta faɗa gonar mutane tana kallon inda ta fito.

Ya ce, "Na tuƙa tanka, na tuƙa bas, na tuƙa manyan mutane. Mota bai taɓa juya mini baya ba. Madam ya ce in sayar, ko in zaɓa tsakanin shi da mota."

Na gaya masa gaskiya cewa ban taɓa aiki a kan irinta ba, amma bari mu duba tare. Na durƙusa. Tayoyin gaba biyu suna da hoton dutse da ɗan fure a ciki, alamar tayar ƙasashen ƙanƙara. Robarsu an yi ta ne don sanyi, a kwaltarmu mai zafi laushi take yi kamar cingam, ga shi kuma shekarunsu sun ja, gefensu ya fara tsattsagewa. Na koma baya. Nan na ga babbar matsalar. Tayoyin ƙaramar bas ne, masu taurin gefe, waɗanda aka yi don ɗaukar buhuna. Ya ce a hanyarsa ta tahowa daga Kudu na bayan suka fashe, aka sa masa abin da aka samu. Na ɗora gejin auna iska, allura ta haura arba'in.

Na dafa but ɗin baya da hannu ɗaya na danna, motar ta yi ƙasa ta dawo. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙarti huɗu za su ɗaga bayanta. Na tambaye shi da wace ƙafa take ja. Ya ce da baya. Muka buɗe ƙofar direba, muka sami 'yar alamar da masu ƙera ta suka liƙa a jikin ƙarfe. Ya sa tabarau, na sa nawa, muka haɗa kai kamar masu duba sakamakon jarrabawa. Iska ashirin da shida take so, gaba da baya. Rim inci goma sha huɗu.

Na ce, "Oga, babbar mota nauyinta ne yake danne taya ta kama ƙasa. Wannan ba ta da abin dannewa. An ba ta taya mai tauri, an cika ta tam da iska, sai ta zama kamar ƙwallo. Abin da yake taɓa kwalta bai kai tafin hannun yaro ba. Ga shi kuma da nan take turawa."

Ya ce, "Shi ya sa yake tsalle a gargada kamar akuya. Na ɗauka haka halinsa yake."

Washegari ya dawo da wata shawara. Ya ga wasu rim masu walƙiya a wani shago cikin gari, manya, da tayoyi masu faɗi sirara kamar an shafa wa rim ɗin baƙin fenti. 'Ya'yansa sun ce su ne suka dace da motar gudu, kuma faɗin zai sa ta kama ƙasa. Na ga abin ya shiga ransa. Na ce a busasshiyar kwalta mai santsi da gaskiyarsu. Amma ya tuna ramukan da ke tsakanin nan da Gella: taya marar kauri ba ta da abin da za ta sha duka da shi, rami ɗaya zai kumbura ta ko ya lanƙwasa rim. Batun ruwa kuma, na ɗauko farantin shayina na ɗora a kan ruwan duro, ya tsaya yana yawo. Na juya shi ta gefe, ya nutse nan take.

Ya buga cinya. "Na san wannan! A Fatakwal, cikin ruwan sama, sitiyari yakan yi sakayau a hannu kamar an cire shi. Da ƙaramin mota ya fi yi, ba da tanka ba."

Shi ya san abin a hannunsa, ni na san shi a roba. Muka tsaya a kan girman da aka ƙera motar da shi: guda huɗu iri ɗaya, na ƙasar zafi, masu zurfin zane da hanyoyin fitar ruwa, masu harafin da ya nuna za su jure gudunta, kuma sababbin yi.

Faɗin haka ya fi samunsa sauƙi. A Mubi duk abin da na samu a wannan girman gwanjo ne, ko na motar haya mai arha. Na aika Yola aka turo huɗu a leda, ba a taɓa hawansu ba. Na karanta gefensu, biyu sun tsufa a sito. Roba ko ba ta taka ƙasa ba tana bushewa, ta yi tauri, ta daina kama kwalta. Na mayar da su. Na kira wani dilan taya a Kano da muka daɗe muna hulɗa, na ce kada ya ɗora komai a mota sai ya turo mini hoton gefen kowace ɗaya a waya. Ya ce sai ya bincika.

Duk wannan lokacin jar motar tana bayan shagona a kan bulo, na rufe ta da tamfol. Lokacin noman farko ne, Oga Vandi yana hawan acaɓa zuwa gona, dattijo da ciwon gwiwa. Wata rana ya sauka a nan jiƙe sharkaf, ransa a ɓace.

"Malam Isyaku, ka riƙe mini mota kamar ɗan sanda! Ka sa mini ko wane iri ne, ni direba ne, zan lallaɓa."

Na ce, "Oga, motarka ce. Ga makulli. In ka ce a mayar da tsofaffin, akwai masu faci a gaba, za su mayar maka yanzu. Amma ba da hannuna ba."

Ya karɓi makullin ya tafi ba sallama. Na ce shi ke nan, na rasa shi. Can da la'asar sai ga shi da gasasshiyar masara biyu a takarda. Ya miƙo mini ɗaya, ya ajiye makullin a kan benci, ya zauna muka ci.

Da tayoyin Kano suka iso a motar kaya, na duba su ɗaya bayan ɗaya, duk shekara ɗaya, duk sati ɗaya. Rim ɗin motar na alminiyam ne, liba tana yi masa rauni, don haka a injin da na sake saya na hau da su, na shafa ruwan sabulu a baki. Na canza bawul, wato bakin hura iska, duka huɗun, don sabuwar taya da tsohon bawul aikin banza ne. Zanen irin mai kibiya ne, kowace tana da gefen da za ta juya, in ka sa ta a juye ruwan da ya kamata ta watsar waje sai ta tara shi a ƙarƙashinta. Na kai su wurin mai injin balansin, na tsaya a kansa har ya gama, domin mota marar nauyi ko ɗan ƙaramin rashin daidaito sai ka ji shi a sitiyari. Na ɗaure notuna da hannu, wannan sannan na gabansa, ba a jere ba. Iska kuwa sai da safe na auna, tayoyi da sanyinsu.

Oga Vandi ya zagaya motar ya ce, "Kamar iskan bai isa ba."

Na ce, "Idonka ya saba da bas. Kuma duk inda ka tsaya ƙara iska, kada ka bar su su cika maka da ido. Ka ce a ɗora geji." Na ƙara da cewa sabuwar taya tana da santsi a farko, ya bi ta a hankali har ta goge.

Bayan 'yan makonni, cikin watan Agusta, ya zo da rana ya ce in rufe shago, sai na je na ga masararsa. Na ce ina da aiki. Ya ce, "Kai ka zaɓi ƙafa, kai za ka hau." Na shiga. Zama a cikinta kamar zama a tabarma ne, kwalta tana nan kusa da gwiwar hannunka. Muka fita gari muka kama hanyar Gella. A gargada ba ta tsalle, tana bin ƙasa lif-lif. A kwana kuwa ko jikina bai karkata sosai ba. Yana tuƙi yana waƙar coci a hankali.

Muna cikin hawa hadari ya taso daga kan duwatsu. Muka tsaya muka ja rufin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya rage gudu. Ruwa yana gudu a kan kwalta ja-ja-ja da laka daga gonaki. Muka gangara wajen wani mayo, wato rafi, inda hanya ta yi kwana kafin gada, dogayen ciyayi sun rufe gaba.

Muna shan kwanar sai ga keke mai ƙafa uku a gicciye a tsakiyar hanya, cike da mata 'yan kasuwa da kwanduna. Tayarsa ta gaba ta fashe ya juya ya tsaya. Dama rafi ne, hagu dutse. Na ga fuskokinsu. Na ga wata ta ɗora hannu a ka.

Oga Vandi ya taka burki. Na ji bel ɗin kujera ya cije ni a ƙirji. Jira nake bayan motar ya zame, don a nan ne ake sanin gaskiyar aiki. Bai zame ba. Motar ta dafe ƙasa, ta tafi a miƙe kamar an ja ta da igiya, ina jin tayoyin suna tsaga ruwa. Ya ɗan saki burkin, ya karkata sitiyari kaɗan zuwa gefen dutse, ta bi umarninsa, ya sake dannawa. Muka tsaya. Tsakanin hancin motar da ƙafar matar da ke bakin keken, bai fi kamu ɗaya ba.

Ruwa yana ta ƙara a kan tanti. Sannan matan suka ɓarke gaba ɗaya, wata tana salati, wata tana kiran Yesu, wata tana zagin mai keken. Oga Vandi ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana dariya har hawaye. Ya ce, "Malam Isyaku, ka gani? Ka gani? Ya tsaya!"

Muka fito cikin ruwan, muka taya su tura keken gefe kafin wata motar ta zo. Na duba tayar da ta fashe, sumul take kamar tafin hannu, waya a waje. Mai keken yana da safaya amma ba shi da jak, sai ni da Oga Vandi da mata biyu muka ɗaga gaban, na canza masa, na ce gobe ya same ni a shago.

Cikin matan akwai wata tsohuwa, 'yar ƙarama, da ƙullin kaya a ƙirji, tana rawar sanyi. Ta ce 'yarta ce take naƙuda a Gella, tun safe aka aiko, kuma ta rantse ba za ta sake shiga wannan keken ba ko da za ta kwana a nan. Ta zagaya jar motar tana kallonta sama da ƙasa, sannan ta dubi Oga Vandi.

"Ɗana, wannan abin wasan yara zai kai mutum Gella?"

Ya nuna ni ya ce, "Mama, tambayi wannan. Shi ya sa masa ƙafa."

Ta juyo gare ni tana jira. Na ce, "Za ta kai ki, Mama. Shiga."

Na buɗe mata ƙofa, na riƙe ƙullin har ta zauna, na ja mata bel na ɗaure. Kujera biyu ce, don haka ni na matsa cikin keken tsakanin kwandon tumatir da wata mata mai kaji. Muka bi bayansu a hankali, ina kallon jar motar tana hawan tudu cikin ruwa, tana shan kwana ɗaya bayan ɗaya, har ta ɓace mana.

Da muka isa Gella na sami motar a ƙofar asibiti. Oga Vandi yana jingine da ita, ya ce an sauka lafiya, mace aka samu, kuma tsohuwar ta iso kafin kukan farko. Muna tsaye sai ga ta ta leƙo ta taga, ta ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"Kai mai taya! Kada ku tafi. Idan an sallame mu, a wannan jan za a kai jikata gida."